Shekarar Da Na Zauna A Mota

Har yau idan kun taru a gidana, kai Dauda da ke Hannatu, kuka zo kan maganar shekarar da na ƙi sa ranar auren yayarku Rifkatu, sai ku rage murya kuna leƙen ƙofa kamar na kurmance. Kunnena ɗaya ne ya mutu, ɗayan yana aiki. Na ji Dauda yana cewa taurin kai ne irin na mutanen dutse, na ji Hannatu tana cewa kishi ne, ba na son kowa ya ɗauke mini 'yar fari. Rifkatu ba ta sa muku baki, kun ɗauka fushinta ne bai gama sauka ba. Ba fushi ba ne. Kafin in ɗauki biro sai da na kira mijinta Iliya na nemi izninsa, domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Ya ce in rubuta, gara 'ya'yansa su ji daga bakin kakansu.

Kun san na sha giya, ba zan tsaya a kan wannan ba. Uwarku Saratu ce ta ɗauki nauyin waɗannan shekaru, ita ke da ikon ba da labarinsu idan ta ga dama. Abin da kuke kira taron Daddy na ranar Asabar wani ɗaki ne a ƙarƙashin wata ƙaramar coci a Pleasant Garden, inda mutanen da giya ta taɓa kayarwa ke haɗuwa da safe su zauna a zagaye, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance. Ba don kyansa na zaɓe shi ba. A cikin Greensboro, birnin da muke zaune a nan Amurka, akwai irinsa da yawa, amma na zauna na yi tunani, ina ne ɗan Najeriya ba zai taɓa sa ƙafa ba? Pleasant Garden can bayan gari take, babu shagon doya, babu mai askinmu, gidaje ne kawai a cikin manyan filaye da karnuka. Na ce nan ne. Ƙa'ida biyu ce ke da nauyi a wurin. Ba a kiran kowa da muƙami ko sunan uba, kuma wanda ka gani a ciki da abin da ka ji ba sa hawa matakala su fito waje. A cocinmu ni ne Baba Bitrus mai zama a layin gaba, a can kuwa Bitrus ne kawai, yarinyar da ba ta kai Hannatu ba ma haka take kirana.

Wanda ya karɓe ni a ƙofa ranar farko wani tsoho ne baƙar fata mai suna Walta, ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta. Shi ke riƙe da mabuɗin ɗakin, ɗaure a jikin wani lanƙwasasshen cokalin shayi. Idan baƙo ya zo, sai Walta ya ɗaga cokalin ya jero masa waɗanda suka riƙe shi, kamar yadda tsofaffinmu ke jero kakanni. Akwai mai gyaran famfo da ya fara taron a kicin ɗin matarsa, cokalin ma nata ne. Akwai malamar makaranta da ta riƙa ɓoye kwalba a bayan tukunyar fure, sai wani soja mai ƙafa ɗaya da bai taɓa makara ba, sannan shi kansa. Duk sun mutu ban ga ko ɗayansu ba, amma na san su fiye da yadda na san wasu danginmu. Da gwiwoyin Walta suka fara gazawa, ba ya iya jan kujeru, sai ya kama hannuna ya sa mini cokalin a ciki. Aikin ba wani abu ba ne. Ka riga kowa zuwa, ka buɗe, ka ɗora kofi, ka jera kujeru, ka tsaya a bakin ƙofa kana miƙa wa mutane hannu. Na ce masa ni baƙo ne, Turancina ma sai an kasa kunne.

"Tukunyar kofi ba ta jin Turanci," in ji shi. "Riƙe. Mai mabuɗi ba ya sha ranar Juma'a, don ya san gobe mutane za su tsaya a waje suna jiransa."

Na riƙe shi shekaru da dama, maganarsa kuwa ta tabbata a kaina. Ina yankan ciyawa a filin golf na Sedgefield, uwarku tana kula da wata tsohuwa a unguwar Irving Park, kuna makaranta, gida ya zauna lafiya. A cikin haka Iliya ya fito neman Rifkatu. Yaro ne mai natsuwa, ɗan wajen Zonkwa, yana aikin kwamfuta a wani kamfanin dakon kaya, ranar Lahadi shi ke kaɗa mana piyano. Bayan bikin Ista kawunsa Baba Audu ya zo da dattawa biyu suka gaishe ni yadda ake yi. Na ce na ji, su ba ni lokaci in yi bincike. Na buga waya gida, na tambayi fasto, na tambayi waɗanda suka zauna da shi, kowa sai yabo. Uwarku kuwa ba ta jira bincikena ba. Ta riga ta baza samfurin yadin anko a kan teburin cin abinci, har ina ɗaukar farantina in koma kujerar falo. Na yi niyyar in aika wa Baba Audu cewa su zo a sa rana.

Ranar Asabar ɗin makon ina tsaye a bakin ƙofa, ni da Doris, wata Baturiya 'yar wurin da ba ta shiga sai ta ƙarasa sigarinta. Wata mota ta shigo, ta zagaya filin ajiye motoci, ta fita, ta sake dawowa, ta je can kusa da maƙabartar cocin ta tsaya. Mun san wannan zagaye, duk mun yi shi. Doris ta ce sabo ne, in gyara fuska. Wani saurayi ya fito da hula ja har kan ido, yana tafiya yana kallon takalminsa. Sai da ya zo kan matakala ya ɗaga kai, na riga na miƙa hannu. Iliya ne. Ashe shi ma ya zauna ya yi irin tunanin da na yi, ya nemi inda ɗan Najeriya ba zai taɓa sa ƙafa ba. Mu biyu muka tsaya kamar an dasa mu. Sai jikinsa ya yi abin da aka koya masa tun yana yaro, ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa a kan simintin.

"Ina kwana, Baba."

Doris ta jefar da sigari ta yi kansa, ta zaci suma zai yi.

"Tashi," na ce masa. "A nan sunana Bitrus."

"To, Baba."

Ya shiga ne kawai don ba zai iya juya mini baya ya gudu ba. Ya zauna can baya. Na kai masa kofi kamar yadda nake kai wa kowane baƙo, ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a ƙarƙashin kujera bai kurɓa ba. Da zagaye ya zo kansa ya girgiza kai. Da ya zo kaina ni ma na kasa, ni da ake roƙona in taƙaita. Kafin in gama wanke tukunya motarsa ta ɓace.

Ban san yadda na tuƙo mota har gida ba. Na tarar da Rifkatu ta dawo daga aikin asibiti tana ɗaga wani yadi mai ruwan ƙwai a jikinta, uwarku tana cewa ya yi haske da yawa. Na tsaya a ƙofar kicin ina kallon yarinyar nan, sai na ga Saratu tana ƙaramarta, ranar da aka kawo mini ita ba ta san abin da ta aura ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. A wajenmu uba yana bincike ne don ya faɗi abin da ya gano, in ba haka ba me ya sa ake ba shi lokaci? Ga shi na gano, da idona, kuma a wurin da na yi alkawarin ba zan fitar da komai ba. Na fita bayan gida na kira Walta. Ban faɗi suna ba, shi ma bai tambaya ba, ya ga durƙuson da kansa ta taga.

"'Yata yake nema, Walta."

"Na sani. Idan ka faɗa, ba zai sake zuwa kowane ɗaki ba har ya mutu. Duk wani ɗan ƙasarku da ya ji labari shi ma ba zai zo ba. Ita kuma mai yiwuwa ta aure shi duk da haka, sai dai ta auri wanda ba ya zuwa ko'ina."

"In na yi shiru fa?"

"Ban ce ka ba shi ita ba. Cewa na yi bakinka ba shi ne zai faɗa ba."

Asabar ta gaba Iliya bai zo ba. Ranar Lahadi ya kaɗa piyano kansa a sunkuye, da aka tashi na bi shi har wajen motarsa kafin ya tsere. Na ce masa abu biyu zan faɗa. Ba wanda zai ji daga bakina, ko matata. Amma ba zan sa rana ba sai shi da bakinsa ya gaya wa Rifkatu. Ya jingina da motar, ya ce idan ya faɗa za ta bar shi. Na ce mai yiwuwa. Na ce kuma Asabar ya dawo, wanda ya sha wahalar nemo ƙofa ɗaya bai cika neman ta biyu ba.

"Baba, ka yafe mini. Ba zan iya buɗe baki a gabanka ba. Ko ruwa ba zan iya sha ba, balle in faɗi abubuwan da ake faɗa a wurin."

Na so in ce masa wannan Amurka ce, amma na san gaskiya ya faɗa. Ni kaina har mahaifin uwarku ya rasu ban taɓa cin abinci a gabansa ba, idan na hango shi a hanya sai in ratse. Kunyar suruki ba riga ba ce da za ka tuɓe a filin jirgi. Ɗakin nan kuwa ba ya yi wa mai shiru amfani, dole sai ka faɗa a gaban mutane abin da ka ɓoye wa kowa. Muddin ina zaune a ciki, yaron nan zai zo ya tafi da kayansa a ciki kamar yadda ya zo. Na ce masa ya zo ranar Asabar, ba zai gan ni ba.

Ga yadda na yi. Ina zuwa da sassafe in buɗe, in ɗora kofi, in jera kujeru, in gaisa da waɗanda suka riga zuwa, sannan in hau sama in ja motata can ƙarshen fili a ƙarƙashin wata bishiya in zauna. Idan an tashi, motar Iliya ta fita, sai in sauka in wanke tukunya in kulle. Ban mayar da mabuɗin ba, don babu mai karɓa, kuma ina tsoron abin da ranar Juma'a za ta zama idan babu shi a aljihuna. Ba zan kuma yi muku ƙarya ba, akwai bincike a ciki, ina son in ga da idona ko yana zuwa. Da na yi wa Walta bayani, ya yi dariya har da tari. Ya ce ya ga an bar ɗakin saboda fushi, ya ga an bar shi saboda kwalba, bai taɓa ganin an bar shi saboda ladabi ba. Amma shi ne ya ɗauki Iliya a hannunsa, ya zama wanda yaron ke kira idan ƙishin ya taso.

A gida kuwa wuta ta kama. Na ce a dakata da maganar rana, aka tambaye ni dalili, na ce ban shirya ba. Dauda, kana jami'a a lokacin, ka buga waya kana yi mini wa'azin cewa zamani ya canja. Baba Audu ya dawo ya zauna a falona ya tambaye ni ko an gaya mini wani abu game da gidansu ne, na ce a'a, ya tashi bai taɓa ruwan da aka kawo masa ba. A coci aka fara cewa na raina ƙabilarsu, wasu suka ce likita nake jira ya fito nemanta. Matan zumunta suka daina tsayawa da uwarku bayan sujada. Fasto ya kira ni ofis ya karanta mini aya a kan taurin zuciya, na ce amin. Duk wannan da sauƙi a kan Rifkatu. Yarinyar da ke kawo mini labarin asibiti tun kafin ta cire takalmi ta koma gaisuwa kawai, daga baya ta kwashe kayanta ta koma ɗakin wata ƙawarta. Ranar da za ta tafi ta tsaya a gabana da jaka a kafaɗa.

"Daddy, dalili ɗaya kawai. Just one. In ka faɗa zan saurara."

"Ki yi haƙuri, Rifkatu."

"Haƙuri ba dalili ba ne."

Na san amsar tana bakina, kalma uku ce ko huɗu. Na danne ta har na ji ɗacinta, ta fita ta ja ƙofa a hankali, wanda ya fi mini ciwo a kan ta buga.

Uwarku ta fi kowa faɗa da farko, sai wata rana faɗan ya tsaya. Mun dawo daga coci, ta tattara yadukan da ke kan tebur ta ninke su ɗaya bayan ɗaya ta sa a akwati. Ta ce yau Iliya ya zo gaishe ta, ta ji ƙamshin alewar na'ana'a a bakinsa da safe, irin wadda nake cika aljihu da ita a da don ɓoye warin giya. Ta dube ni, na dubi bango. Ba ta sake tambaya ba, ta san ɗakin Asabar da ƙa'idarsa, ta san abin da ya dawo mata da miji.

"Ba zan ce komai a kan zato ba," in ji ta. "Amma Baban Rifkatu, in 'yata ta shiga abin da na shiga kana sane, ba zan yafe maka ba. Ko a gaban Allah."

Tun daga ranar nake kwana da wannan magana ina tashi da ita.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne abin da zaman mota zai yi mini ni kaina. Na ɗauka na yi nisa, giya ta manta da ni. Ashe zaman da nake yi a cikin mutanen nan ina faɗin damuwata shi ke riƙe da ni, ga shi damuwar ta fi ta kullum, ba inda zan sauke ta. Na gwada wani taro a cikin gari, na zauna a cikin baƙin fuskoki ina leƙen ƙofa kar wani namu ya shigo, harshena bai saki ba. Wata Juma'a da rana, lokacin zafi, ina share gefen fili a Sedgefield na tarar 'yan wasa sun manta da akwatin ƙanƙara a gindin bishiya. Gwangwanin giya ɗaya ya rage a ciki, ba a fasa ba. Na ɗauka don in zubar, sai na ga ban zubar ba. Sanyinsa ya shiga tafin hannuna, bakina ya kawo ruwa, babu kowa a filin sai ni da injin yankan ciyawa. Na ce a raina ɗaya ce, wa zai sani, bayan duk abin da nake ɗauke da shi? Na sa ɗayan hannun a aljihu ina neman abin da zan goge zufa, sai na taɓa cokalin. Na tuna gobe Asabar. Na tuna wanda zai zo ya tarar da ƙofa a kulle, ya ce to shi ke nan, ya juya. Na bar gwangwanin a inda na same shi na hau inji.

Da ganye ya fara zuba, motar Iliya ta daina zuwa. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ina zaune ina kallon titi, duk motar da ta rage gudu sai gabana ya faɗi. A coci wani yaro ne ke kaɗa piyano, aka ce Iliya ba shi da lafiya. A cikin makonnin nan ne Rifkatu ta zo gida ta sanar da mu, a tsaye, cewa bayan Kirsimeti za su je kotu a ɗaura, da albarkata ko babu. Ta ce baƙin cikin abin da nake yi masa ne ya kwantar da shi. Uwarku ta kalle ni kallo ɗaya ta shige ɗaki. Na yanke a raina cewa idan ranar ta zo bai faɗa ba, zan karya alkawarin, in mayar da mabuɗin, in ɗauki abin da zai biyo baya. Ban sani ba har yau ko da zan iya. Sai wata Asabar motar ta shigo, ta je wurinta kusa da maƙabarta. Ya fito ya rame, rigarsa tana yawo a jikinsa. Bai dubi bishiyata ba, amma ya cire hula kafin ya wuce ta.

Walta ya rasu ana shiga sanyi. Al'adar ɗakin ce idan tsoho ya tafi, a ba da Asabar guda gare shi, kowa ya faɗi abin da ya tuna, a sa sunansa a cikin jerin cokali. Na jera kujeru fiye da kullum, na ajiye tasa a inda take, na ɗora kofi mai ƙarfi yadda yake so. Mutumin nan shi ya tsince ni, ina da labaransa da ba wanda ya sani. Amma na san wanda ya fi ni buƙatar yin magana a ranar, wanda ya rasa mai ɗaga masa waya a daidai lokacin da ya fi rauni. Na hau sama na shiga mota. Doris ta biyo ni ba ko rigar sanyi, tana buga gilashi.

"Bitrus, yau kam ka shigo. Walta ne fa."

"Ki ce musu kofin nasa ne."

Ta zage ni da irin zagin da ba zan rubuta ba, ta koma. Na ji dariyarsu tana fitowa ta ƙananan tagogin da ke daidai da ƙasa, na san labarin wani ƙaton kifi da Walta yake cewa ya kama suke bayarwa. Na kifa kaina a kan sitiyari na yi kukan da ban yi a jana'izarsa ba.

Saura kaɗan Kirsimeti, ina zaune a wurina injin yana aiki saboda sanyi, na ga motar Rifkatu ta shigo filin. Iliya ya fito daga gefen mai zaman banza ya sauka matakala. Ita kuwa ta kashe mota, ta taho kai tsaye wurin bishiyar, ta buɗe ƙofa ta zauna kusa da ni. Idanunta sun kumbura.

"Ya gaya mini," in ji ta. "Shekaranjiya. Duka."

Na ce to.

"Ya ce a nan kake zama. Tun yaushe?"

"Tun bayan Ista."

"A cikin mota? Kowace Asabar?" Ta juyo ta dube ni sosai. "Kai fa, Daddy? Wa ke jin naka?"

Ta rufe fuska da hannu. Da ta samu magana ta ce tana fushi da shi, tana fushi da ni, ba ta san wanda ta fi fushi da shi ba. Ta ce babu kotu, babu rana, yanzu ita ce ke cewa a jira, sai ta ga da idonta, kuma kada wanda ya sake yanke mata hukunci a ɓoye. Na ce haka ne. Sai ta fita, ta sauka matakala har bakin ƙofa inda tukunya take, ta dawo da kofi biyu. Ta kurɓi nata ta yatsine fuska, ta ce shekara da shekaru ashe wannan nake ba bayin Allah. Muka zauna muna sha har aka tashi.

Sauran kun sani, kun sa ankon mai ruwan ƙwai da uwarku ta ce ya yi haske. Abin da ba ku sani ba shi ne ban sake zama a taron Asabar ba. Aure bai rage kunyar ba, ƙara ta ya yi. Da na bar aiki sai ni da Doris muka buɗe zama na ranar Laraba, mu tsofaffi, a nan nake sauke nawa. Da gwiwoyina suka fara irin na Walta, na tsaya a kan matakala wata Asabar na jira Iliya, na kama hannunsa na sa masa cokalin. Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, Doris tana cewa ga shi kuma zai suma.

Ita ce ke gaya mini cewa idan baƙo ya zo, Iliya yana ɗaga cokalin ya jero su duka, mai gyaran famfo, malamar makaranta, soja, Walta. Idan ya zo kaina ba ya iya kiran sunana, ko a can. Sai ya ce, sannan wani mutum da ya buɗe mini ƙofa ya tsaya a waje.